Ranar da Aka Kira Yarima da Sunan Gida

Ranar da abin zai lalace, awara ce ta fara gaya wa Shozo, shi ne bai saurara ba. Tukunyar farko ta ƙi kamawa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a a bakin layinsu na garin Uji, kusa da Kyoto, kuma madarar wake ba ta yi masa gardama sai ranar da hankalinsa ba ya jikinsa. Ya tsaya yana kallon farin ruwa yana yawo a tukunya kamar ruwan wanki. Matarsa Kinue ta leƙo ta bayansa, ta duba, ta yi tsaki.

"Baban Tama, ka ba wani tikitin nan."

"Wa zan ba? Maƙwabcinmu Gonda?"

"Ko karen Gonda ka ba, ya fi ka iya zama shiru."

Ya zubar da madarar, ya ɗora wata.

Tikitin na wasan 'yarsu ne. Tamae ita kaɗai suka haifa. Tana da shekara goma sha takwas ta bar gida ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata zalla, inda dogayen 'yan mata ke fitowa a maza. Ita kuwa doguwa ce tun tana firamare, tsawon kakanta ta kwaso. Aka rage mata gashi, aka koya mata tafiyar maza da muryar maza, aka raɗa mata sabon suna, Yukishiro Sei. A dokar ƙungiyar, Sei ba shi da shekaru, ba shi da sunan yanka, balle uba mai tashi da asuba yana tace wake. Duk mutanen layin sun san 'yar waye, amma shekara goma sha uku ba wanda ya buɗe baki ga baƙo.

A shekarun nan ta riƙe mashi a bayan wasu, ta fito a ɗan aike, ta fito a abokin jarumi wanda ake kashewa kafin hutun rabin lokaci. Sai bana aka ba ta Yarima.

A Uji ba ka yin taki goma ba ka ci karo da Yarima ba. Yana jikin gwangwanin shayi, yana kan takardar naɗe alewa, yana kan laimar da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Shekara dubu ke nan da wata mata a fada ta rubuta labarinsa, har yau bai yi tumbi ba, bai yi sanƙo ba. An yi shi a fim, an zana shi a littattafan hoto da idanu kamar na barewa, kowane zamani sai ya sake wanke shi ya tsayar. Shozo ya karanta shafi huɗu ko biyar a makaranta don jarrabawa. Abin da ya rage masa a ka shi ne, wani mutum ne kyakkyawa wanda in ya yi rawa tsofaffi ke kuka, bai taɓa ɗaukar bokiti ba, aikinsa daga gidan wannan mata zuwa gidan waccan, yana aika waƙa a kan takarda mai launi.

Sati uku kafin wannan rana Tamae ta bugo waya.

"Baba, zan aiko da tikiti biyu. Mama ta zo ranar farko, kai ka zo rana ta tara, kada a rufe shago."

"To."

"Amma ka ji ni da kyau. In ka zo, ba ka san ni ba. Ka zauna, in an yi tafi ka yi, ka koma tashar jirgi. Kar ka zo ƙofar baya."

"Me zai kai ni ƙofar baya?"

"Abin da ya kai ka makarantarmu da laima ranar da ko hadari babu."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Kwana goma sha biyun nan su ne komai, Baba. Babbarmu za ta ajiye aiki a watan Afrilu, mu biyu ake dubawa. In na yi su lafiya, ni za a ba gaban dandali. In ban yi ba, shekaruna sun kai, sai in tattara kayana. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata.

Da ya riƙe alkawarin nan cikin sauƙi, ba don hoton da aka manna a tashar jirgi ba. Ga ta nan tsawon bango, da doguwar baƙar hula, da rigunan alharini ɗaya kan ɗaya, hannu ɗaya ya fito daga faffaɗan hannun riga yana riƙe da mafici. Mutane suna tsayawa su kalli fuskar. Shi hannun ya kalla. Ya san wuyan hannun nan tun yana kamar ɗan yatsansa, ya san shi lokacin da take taya shi ɗaga buhun wake ranar hutu. Yanzu ƙashin ya fito tsararo, kamar in ka kama da ƙarfi zai karye.

Gonda mai ganyen shayi, maƙwabcinsa, ya tarar da shi a nan tsaye da kwandon awara a bayan keke.

"A'a, ranka ya daɗe! Sarki ne da kansa ke rabon awara yau?"

"Rufe mini baki, Gonda."

"Wa ya isa? Uban Yarima ai sarki ne. Ni dai abin da ban gane ba, ina ta samo hancin nan? Naka kamar an taka dankali."

"Ka dubi hannunta."

Gonda ya matsa ya duba. Ya sosa ƙeya.

"Masu hoto ne ke rage su da na'ura. Kar ka ɗora wa kanka."

Da Kinue ta dawo daga wasan ranar farko, idanunta ja saboda kuka, ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Yaya take?"

"Ta yi kyau, Baban Tama. Wallahi ta yi kyau."

"Tana cin abinci?"

"Cikinta na shiga? Daga layi na ashirin na hango ta."

Amma ta ƙi haɗa ido da shi, ta wuce tana cire takalmi a hankali. Tun daga ranar barcinsa ya ragu, ga shi dama ba shi da yawa.

Don haka ranar ta tara, bayan tukunya ta biyu ta kama, ya soya 'yan jakunkunan awara, ya dafa su da zaƙi-zaƙi yadda take so, ya cusa musu shinkafa. Ya dafa dusar wake da karas. Ya jera a akwatin abinci mai hawa biyu, ya jawo ƙyallen da ya fi kusa da hannunsa ya ƙulle. Kinue tana tsaye tana kallo.

"Wannan na waye?"

"Nawa. A jirgi zan ci."

"Tafiyar rabin awa?"

"Yunwa nake ji."

"Yunwar mutum uku." Ta yi ajiyar zuciya, ta gyara masa wuyan kwat ɗin da rabonsa da shi tun jana'izar yayanta. "Ni na gaji da magana. Ka dai tuna ka yi alkawari."

A gidan wasan na Kyoto ya ƙirga maza bai kai goma ba, sauran duk mata ne, kusan dubu. Ya ɗora akwatin a cinya ya rufe shi da hularsa. A gefensa wata tsohuwa ce ƙarama, ta sha ado, tana goge ɗan madubin hangen nesa da hankici.

"Matarka ce ta jawo ka?" in ji ta.

"Kusan haka."

"Karo na nawa?"

"Na farko."

"Ni na bakwai. Ka yi sa'a, bawan Allah. Shekara hamsin ina kallon Yarima, na ga guda shida, ban ga irin wannan ba."

Aka kashe fitilu, aka ja labule. Aka daɗe ana ta shiga da fita, mata cikin riguna masu jan ƙasa suna magana a bayan asabari, Shozo bai gane wace ce matar wa ba. Sai sarewa ta tashi, haske ya faɗa kan matakala, Yarima ya sauko. Mata dubu suka ja numfashi lokaci guda, har sai da ya ji iskar a bayan wuyansa.

Ya nemi 'yarsa ya rasa. Wani saurayi ne ke saukowa, dogo, a natse, kamar duniyar ma tasa ce kuma ta gundure shi. Ya buɗe baki, murya mai kauri da taushi ta cika ɗakin. Na ɗan lokaci Shozo ya manta da akwatin da ke cinyarsa, ya ji tausayin matan da ke bayan asabari, ya gane abin da ya sa suke jira. Da ya farga, sai tsoro ya kama shi. Ya yi minti biyar cur yana kallon Tamae bai gane ta ba.

Lokacin hutu tsohuwar ta juyo, idonta ya jiƙe.

"Ka ga yadda ya rame? Sai ya ƙara kyau. Haka Yarima ya kamata ya zama, wanda so ya hana shi sukuni."

"Baba, ke da kika san littafin, akwai inda aka nuna yana cin abinci?"

"Wa? Yarima?" Ta rufe baki da hankici tana dariya. "Kai dai maza! Ungo, kalli rawar da wannan, ni na haddace ta."

Da madubin ya ga abin da bai so gani ba. Rawar doguwa ce, rigunan kuwa Kinue ta ce sun kai nauyin rabin buhun wake. Fuskar Yarima ba ta canja ba ko kaɗan. Amma duk sanda hannun hagu ya fito daga riga, babban yatsa yana dunƙule a cikin tafi, sauran sun danne shi. Tun tana 'yar shekara biyar haka take yi in jiri na ɗibarta ba ta son a sani. Haka ta yi a filin makaranta ranar da ta faɗi a layi.

Aka tashi wajen ƙarfe huɗu. Ya fito da niyyar tasha, ya ma kama hanyar. A mahaɗar titi ta biyu ya ga mata suna kwararowa wani lungu, kowacce da shuɗin gyale iri ɗaya a wuya. Ya ce wa kansa ai ƙofa ta hana shi zuwa, ba ta hana shi tsayawa a tsallaken titi ba.

Sun fi ɗari biyu. Sun jeru layi-layi a gefen hanya daga bakin wata ƙaramar ƙofar ƙarfe har zuwa inda baƙar mota ke jira. Ba hayaniya, ba turereniya. Na gaba sun tsuguna don na baya su gani, kowacce da ambulan a hannu. Wata mata sa'arsa, mai kwat toka-toka da farin safar hannu, ita ke tsara su da ido kawai. Ya ji ana kiranta Uwargida Oribe. Ya tsallaka ya same ta, ya rusuna.

"Gafara dai. Ko za a iya miƙa wannan?"

Ta dubi ƙullin, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Mene ne a ciki?"

"Ɗan abinci ne."

"Dattijo, wasiƙa kawai yake karɓa, ita ma daga hannun 'yan ƙungiyar masoyansa. Ba a ba shi abinci a titi. Kai wane ne nasa?"

Kalmar ta zo masa har bakin harshe. Ya haɗiye ta.

"Ba kowa ba. Na ga wasan ne, ya yi mini kyau."

Fuskarta ta ɗan saki. "Mun gode. Ka tsaya can bayan igiya tare da masu wucewa, za ka gan shi da kyau. Ba a kira, ba a tafi, ba a ɗaukar hoto."

Ya koma bayan igiya. Ya tsaya minti arba'in, bayansa na ciwo, sanyin kaka na shiga tsagar hannayensa da ruwan awara ya farfasa. Matan da ke tsugune ba wadda ta motsa. Akwai masu furfura a cikinsu.

Ƙofar ta buɗe. Ta fito cikin doguwar baƙar kwat ta maza, da hula, da baƙin tabarau. Ba alharini, ba kwalliya, amma har yanzu Yarima ne ke tafiya, kafaɗa a buɗe, taku a hankali. Tana bin layi tana karɓar ambulan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan sunkuyar da kai. Shozo ya riƙe igiyar. Daga nan yana ganin kuncinta ya faɗa, yana ganin bel ɗin kwat ɗin ya zagaye ta har ya yi saura. Ya ce a ransa, na gani, ya isa, bari ta shiga mota in tafi.

Saura taki uku ta kai mota, ƙafarta ta sauka daga dakalin titi, sai ta yi tangaɗi. Kaɗan ne. Ta kai hannu ta dafa ƙarfen fitilar titi, ambulan biyu suka zube, ta tsaya a nan kanta a ƙasa tana numfashi.

"Tama!"

Shi kansa bai san muryarsa na da ƙarfi haka ba. Muryar da yake kiranta da ita ce daga ƙasan bene in miya ta yi.

"Tama! Yaushe rabonki da abinci?"

Kawuna ɗari biyu suka juyo. Kafin ya ankara ya riga ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya, ya ratsa tsakanin matan da ke tsugune, yana gabanta da ƙullin a hannu biyu. A lokacin ne ya ga wane ƙyalle ya jawo da safe. Na shago ne, wanda suke raba wa masu saye a sabuwar shekara, da manyan baƙaƙe: Awarar Nukui, Uji, ga lambar waya a ƙasa.

Ta saki ƙarfen, ta miƙe tsaye. Bai ga idonta ba saboda tabarau. Ta karɓi ƙullin, ta rusuna masa irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ta ce da muryar dandali yadda kowa zai ji, "Na gode, dattijo."

Sannan ƙasa-ƙasa, leɓenta ko motsi bai yi sosai ba: "Baba, tafi gida."

Ta miƙa wa Uwargida Oribe ƙullin ba tare da ta duba ba, ta shiga mota. 'Yan ƙungiya ba wadda ta ɗaga waya, doka ta hana su. Masu wucewa da ke bayan igiya kuwa ba dokar da ta hau kansu.

Da ya isa gida Kinue ta dubi hannunsa ta ga ba akwati, ta dubi fuskarsa. Ta jawo kujera ta hau, ta sauke hoton Tamae da ke bangon shago, wanda take sanye da kayan makaranta da kitso biyu tana riƙe da ludayi. Ta kai shi sama. Da ta sauko ta ce, "Ka jiƙa wake da yawa saboda gobe."

Washegari kafin ya ɗaga ƙofar shago sun yi layi har gaban shagon Gonda. Mata ne masu ladabi, ba mai ɗaga murya. Kowacce ta sayi awara ɗaya, ta rusuna, ta saci kallon matakalar bene. Wata ta tambaya ko a sama Yarima yake kwana yana yaro. Wata ta sayi dusar wake ta rungume kamar jariri. Wata kuma ta tsaya a tsallake ta daɗe tana kallon bokitai da tiyo da takalman roba a bakin ƙofa, sannan ta cire shuɗin gyalenta ta cusa a jaka ta tafi. Ƙarfe tara ba sauran komai.

Gonda ya leƙo. "Shekara goma sha uku ina riƙe bakina, har surukata ban gaya wa ba, ashe kai za ka je ka yi shela a Kyoto." Da ya ga fuskar Shozo sai ya bar wasan. Ya ajiye masa kofin shayi a kan kanta ya fita.

Da azahar Uwargida Oribe ta zo ita kaɗai. Ta ƙi zama. Shozo ya fito daga bayan kanta ya sunkuya har bayansa ya amsa.

"Ɗago, dattijo. Ba haƙuri na zo karɓa ba. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalli bidiyon abin nan a waya tun jiya. Ba sunan ne ya fi damuna ba, suna a manta da shi. Tangaɗin ne. Mu da ke gaba mun gani, kuma da mun yi kamar ba mu gani ba, kamar yadda muka yi ranar Litinin, da ranar Asabar. Kai ka sa duniya ta duba."

"Ranar Litinin ma ta yi?"

"Shekara goma sha ɗaya ina tsugunawa a titi saboda shi, tun yana riƙe mashi ba mai kallonsa. Gwiwoyina sun tafi a kan haka. Saura kwana uku ya kai."

"Baiwar Allah, kin gan ta tana faɗuwa kin yi shiru?"

"Ya roƙe mu ne?" Ta gyara safar hannunta. "Kai ka haifi Tamae, ban musa ba. Sei kuwa mu muka raine shi, mu da ita. Abin da yake so muka yi masa."

Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba.

"Yau ɗayar da ake duba su tare ce za ta hau. Ofis sun ce sai likita ya duba shi."

Kwana huɗu waya ba ta yi ƙara da muryar Tamae ba. Layin mata ya ragu, ya koma 'yan tsiraru. Shozo ya rubuta wa ofishin ƙungiyar wasan takardar ban haƙuri sau uku yana yagawa, don duk wadda ya rubuta sai ya ga ƙarya ce a wani wuri. Ta huɗun ya aika, layi biyar.

Ranar Litinin da hantsi, yana wanke ƙyallen tata, Kinue ta miƙo masa waya.

"Tama?"

"Ni ce." Muryarta ce ta gida, siririya, a gajiye.

"Ina kike?"

"Ɗakina. Sun ba ni hutun wata guda. Likita ya ce jinina ya yi ƙasa, ya rubuta abubuwa."

"To ki zo gida mana. Ɗakinki na nan."

"In zo in tarar da su a bakin ƙofa?" Yana jin numfashinta. "Kwana uku, Baba. Da ka bar ni kwana uku."

"Da kin faɗi a kan dandali fa?"

"Da na faɗi a Yarima. Wannan nawa ne, ni na zaɓa."

Ruwa na ta zuba daga tiyo a kan takalminsa, bai kashe ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka," in ji ta. "Tunda nake ban taɓa roƙon ka komai a kan aikin nan ba."

"Na sani."

"Ka sani."

"Na yi laifi, Tama. Amma ko yau aka mayar da ni wurin, ban san ko zan iya yin shiru ba. Gara in gaya miki gaskiya."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Ai na sani. Shi ya sa na ce kar ka zo."

"Me suka ce game da Afrilu?"

"Ba su ce komai ba. Ɗayar ta yi kwana ukun, an ce ta yi kyau. Ƙarshen wata za a kafe suna."

Ya buɗe baki, tambayar nan tasa ta abinci ta taso, ya danne ta da ƙyar. Ita ma ta ji ya danne.

"Ba Mama wayar," in ji ta.

Ya miƙa. Kinue ta shige ciki da ita ta ja ƙofa. Ya kashe tiyo, ya matse ƙyallen ya shanya, ya zauna a kan buhun wake saboda bayansa. Daga nan yana hango gwangwanayen shayin Gonda a jere a taga, Yarima a jikin kowanne, yana kallon gefe.

Yau saura kwana tara wata ya ƙare. Tamae tana magana da uwarta kullum da rana, shi ba ta sake neman sa ba. Ba wanda ya san sunan da za a kafe, nata ko na ɗayar. Shozo kuma, in ya tsaya gaban tukunya da asuba, har yanzu bai san wanne yake roƙo ba.